Sharhi kan Ground News, manhajar da ke auna labaran siyasa da ma'aunin hagu da dama

Na sauke manhajar Ground News a wayata ne bayan na lura da wata ɗabi'a da ta shige ni ba tare da na ankara ba, wato da zarar idona ya faɗa kan kanun labarin da ya ambaci wata jam'iyya ko wani ɗan takara, sai yatsana ya ture shi sama tun kafin in kai ƙarshen jimlar. Ni kuwa mutum ne da ya tashi da son siyasa, wanda ba ya fashin kaɗa ƙuri'a, kuma a da nakan raba dare ina jiran sakamakon zaɓen ƙasashen da ban taɓa taka ƙafata cikinsu ba. Abin da ya gundure ni shi ne na riga na san abin da kowace kafa za ta faɗa kafin ta buɗe baki: wannan za ta wanke nata tas, waccan za ta shafa masa kashin kaji, gobe kuma idan mulki ya juya sai su yi musayar riguna, kowa ya rungumi hujjar da ya kushe jiya. Daga nan ne mutum yake fara cewa duk kanwar ja ce, kuma wanda ya kai ga faɗin haka bai yi nisa da zama a gida ranar zaɓe ba.

Wannan gajiya ta game duniya. Cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford, wadda take fitar da rahoto duk shekara kan yadda jama'a ke bin labarai, ta gano a 2024 cewa kashi 39 cikin 100 na mutanen da aka tambaya a ƙasashe sama da 40 suna guje wa labarai da gangan, wasu jefi-jefi wasu a kai a kai, alhali a 2017 kashi 29 ne. A Amurka, inda aka fi auna irin waɗannan abubuwa, cibiyar Pew ta bayyana a 2023 cewa kashi 65 cikin 100 na manya suna jin gajiya kullum ko sau da yawa idan suka tuna siyasa, kuma kashi 28 ba sa ganin ko ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun biyu da gashi. A wannan shekarar dai kamfanin Gallup ya samu kashi 43 suna cewa su 'yan ba-ruwanmu ne, yayin da Democrat da Republican kowacce ta tsaya a kashi 27. Irin waɗannan mutane ne Ground News take wa talla, kuma alƙawarinta gare su shi ne za ta ajiye musu labari ɗaya kamar yadda kowane ɓangare ya ba da shi, su kuma su yi hukunci da kansu.

Kamfanin na ƙasar Kanada ne, a lardin Ontario, kuma Harleen Kaur, injiniyar da ta taɓa aiki a fannin binciken sararin samaniya, ita da ɗan'uwanta Sukh Singh ne suka kafa shi. Ba shi da wakilai da ke fita neman labari, aikinsa tattarawa ne: yana kwaso rahotanni daga kafofin da ya ce sun haura 50,000, ya haɗa waɗanda suke magana kan abu ɗaya a wuri guda, sannan ya shimfiɗa wani ɗan layi mai launuka a ƙarƙashin kowane labari, wanda ke nuna kashi nawa na kafofin da suka ɗauki labarin 'yan hagu ne, nawa ne na tsakiya, nawa ne na dama. Kowace kafa da aka auna tana da mataki ɗaya cikin bakwai, daga can ƙuryar hagu zuwa can ƙuryar dama. Wannan magana ta hagu da dama tsohuwa ce, ta samo asali ne daga majalisar Faransa ta 1789, inda magoya bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban zama, masu neman juyin juya hali kuma a hagunsa, kuma har yau da ita ake bambanta masu ra'ayin riƙau da masu neman sauyi. Ana iya amfani da manhajar kyauta, amma wasu sassanta sai an biya kuɗin rajista, akwai ta kuma a shafin intanet ga mai aiki da kwamfuta. Da Ingilishi take magana, wanda hakan kaɗai ya riga ya tace masu iya cin moriyarta.

Lokacin da na fi ganin amfaninta shi ne rufewar ma'aikatun gwamnatin tarayyar Amurka da ta fara ranar 1 ga Oktoba 2025, ta ɗauki kwana 43, mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa lokacin. Kusan kowace safiya nakan buɗe labarin in jera kanun kafofin a gabana, in riƙa jan su da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Na dama suna cewa 'yan Democrat ne suka rufe gwamnati domin sun ƙi amincewa da kasafin wucin gadi, har ana laƙaba wa rufewar sunan Chuck Schumer, jagoransu a majalisar dattawa. Na hagu kuma suna cewa jam'iyyar Republican da ke riƙe da fadar White House da majalisun biyu ita ce ta ƙi zama a sasanta kan tallafin inshorar lafiya da wa'adinsa zai ƙare a ƙarshen shekarar, su ma suka laƙaba mata sunan Trump. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wanda ya yi ƙarya tsagwaronta a cikinsu, kowa dai ya yanko rabin da ya yi masa daɗi ne ya ɗora a sama. Ainihin ƙullin maganar kuwa, wato dokar majalisar dattawa da ke buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara alhali Republican na da kujeru 53, sai mutum ya nutsa cikin rahoton sosai kafin ya tarar da ita, kuma ita ce ta sa kowane ɓangare yake da ikon tsayar da komai, yake kuma da bakin ɗora wa ɗaya laifi. A can ƙasa da wannan cacar baki akwai ma'aikatan da suka yi makonni ba albashi, da miliyoyin talakawa da tallafinsu ya tsaya, da jiragen saman da aka soke tashinsu. Da kafa ɗaya na dogara da ita a wannan lokaci, da na fito da tabbacin wane ne mai laifi, in kuma fito ban fahimci yadda aka yi abin ya faru ba.

Jera kanun labarai gefe da gefe yana koya wa ido wani abu da lacca ba za ta koyar ba, domin gani ya kori ji. Mutum zai fara lura cewa hukunci yana ɓoye ne a cikin zaɓin kalma: mutanen da wata kafa ke kira baƙin haure, wata tana kiransu baƙi marasa takardu, harajin da ake ɗora wa dukiyar mamaci wasu na ce masa harajin gado wasu harajin mutuwa, taron da wannan ya kira zanga-zanga wancan ya kira shi tarzoma. Haka kuma zai lura da wanda aka sa a farkon jimla a matsayin mai aikatawa, da wanda aka ɓoye a bayan “an yi” ko “an ce”, da hoton da aka zaɓo na ɗan siyasa, ko yana murmushi ko an kama shi baki buɗe. Bayan 'yan makonni sai na tarar ina yin wannan tankaɗe da rairaya ko da ban buɗe manhajar ba, kuma a ganina wannan ita ce babbar ribar da na samu.

Sashen da kamfanin ya fi alfahari da shi shi ne Blindspot, wanda ma'anarsa ita ce wurin da ido ba ya kaiwa. A nan ake tara labaran da ɓangare ɗaya ya yi ta yayatawa, ɗayan kuma ya yi gum da bakinsa, an raba su gida biyu, waɗanda suka wuce 'yan hagu da waɗanda suka wuce 'yan dama. Na yarda da hikimar da ke ciki, saboda son kan kafar labarai ya fi fitowa a abin da ta ƙi faɗa fiye da abin da ta faɗa, kuma mai karatu ba shi da hanyar sanin labarin da ba a kawo masa ba. Badaƙalar ɗan jam'iyyarmu ƙaramin labari ne da za a binne a shafin ciki, ta ɗan waccan kuwa sai an yi mako ana jan ta. Sai dai dole mai karatu ya shiga wannan sashe da hankalinsa, domin lissafi ne kawai yake ware labaran, kuma lissafi bai san dalilin shiru ba. Wani labarin an ƙyale shi ne don yana da ɗaci ga ɓangaren, wani kuma an ƙyale shi ne don bai taka kara ya karya ba, ko don ba shi da tushe, wato wata 'yar magana da wani kansila ya yi a wani lungu aka shafa mata shuni domin a nuna cewa duk 'yan wancan gefe haka suke. Idan aka jera irin waɗannan tare da labarai masu nauyi, wanda bai yi hattara ba zai iya fita daga sashen da ƙarin haushi a maimakon ƙarin sani.

Akwai kuma wani sashe a cikin na kuɗi da ke bin diddigin abin da mutum yake karantawa, ya zana masa hoton kansa. Na shiga da yaƙinin cewa ni mai adalci ne, mai sauraron kowa, sai ga shi layin nawa ya karkata gefe ɗaya ƙarara, kuma 'yan kafofin da na fi komawa gare su ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Na ɗan yi gardama da wayar a zuciyata, na ce ai don su ne suka fi iya rubutu, daga baya na tuna cewa wannan ita ce hujjar da kowa yake bayarwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma ban taɓa ganin na'urar da ta nuna mini tudun da nake tsaye a kai kamar wannan ba.

To amma wa yake yanke hukuncin cewa wannan kafa ta hagu ce, waccan ta dama? Ground News ta bayyana a fili cewa ba ita ke yi ba, tana ɗauko matsakaicin hukuncin wasu ƙungiyoyi uku ne, wato AllSides da aka kafa a 2012, da Media Bias/Fact Check ta 2015, da Ad Fontes Media ta 2018. Kowacce da salonta, wata tana ba mutane masu ra'ayoyi mabambanta rahotanni su auna ba tare da sun san daga inda suka fito ba, wata tana da ayarin masu nazari, amma dukansu ukun a Amurka suke. Abu na farko da ya kamata mai amfani ya riƙe shi ne kafar ake yi wa lamba gaba ɗayanta, ba rahoton da ke gabansa ba. Jaridar Wall Street Journal misali ce mai kyau, domin sashen labaranta da sashen ra'ayinta kamar gidaje biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, har AllSides ma takan ba su maki daban-daban, kuma kusan kowace babbar jarida tana da marubuta da ke saɓa wa alƙiblar gidansu. Saboda haka rahoto mai tsafta daga kafar da aka yi wa jan fenti zai shigo da jan fenti, wanda aka cusa wa son zuciya daga kafar tsakiya kuma zai shigo da farar riga. Abu na biyu shi ne ƙirga kafofi ba daidai yake da ƙirga shaidu ba: idan ƙananan jaridu masu yawa suka ɗauko rahoto ɗaya daga kamfanin dillancin labarai irin su AP ko Reuters suka buga shi yadda yake, adadi zai kumbura, amma ɗan jarida ɗaya ne ya je wurin. Sannan akwai kafofi da yawa, musamman na wajen Amurka da Turai, da babu wanda ya taɓa auna su, don haka ba sa shiga lissafin layin ko kaɗan.

Babban abin da nake ƙorafi a kai ya wuce waɗannan, shi ne ma'aunin kansa. Ma'auni ne mai baki biyu, an sassaƙa shi daidai da siyasar ƙasar da jam'iyyu biyu suka mamaye, kuma da zarar an fita da shi daga can sai ya fara auna iska. A Birtaniya hukumar lafiya ta NHS da gwamnati ke ɗaukar nauyinta tun 1948 abu ne da jam'iyyar Conservative ma ba ta iya fitowa ta ce za ta rusa, alhali a Amurka wanda ya nemi irin wannan tsari za a ajiye shi can cikin hagu. A Beljiyam harshe ne ya fara raba jam'iyyu, masu Faransanci da masu Holanci kowa da nasa jerin. A Ireland ta Arewa tambayar farko ita ce ko a zauna da Birtaniya ko a haɗe da Jamhuriyar Ireland, a Taiwan kuma dangantaka da Sin ce ke raba gari. A ƙasashe da yawa kuwa abin da ke raba masu zaɓe shi ne yanki ko addini ko ƙabila ko biyayya ga wani jigo, 'yan siyasa suna sauya sheƙa ba tare da sun sauya ko kalma ɗaya a ra'ayinsu ba, kuma tambayar da ta dace a yi wa kafar labarai a can ita ce ko tana cin abinci a hannun gwamnati ko a hannun 'yan adawa. Layin hagu da dama ba shi da amsar wannan tambaya. Ko a cikin Amurkar ma, mai zaɓen da ya gaji da jam'iyyun biyu yawanci mutum ne da ke tare da wannan a kan haraji, yake tare da waccan a kan shige da fice, ba ya tare da kowa a kan yaƙi. Idan irin wannan mutum ya gudo daga siyasar gida biyu, ya buɗe manhaja ya tarar an sake raba masa kowane labari gida biyu da launi biyu, to an gudu ba a tsira ba. Na kama kaina sau da yawa ina duba launin kafa kafin in karanta abin da ta rubuta, wanda shi ne ainihin halin da na zo neman magani a kansa.

Wani tarkon da ke tattare da layin shi ne yana sa mutum ya ɗauka cewa gaskiya tana zaune a tsakiya ne kullum. Wani lokaci tana can, wani lokaci kuma ɓangare ɗaya ne ya faɗi daidai ɗayan ya kauce. Joe Biden ya ci zaɓen 2020 da ƙuri'un wakilai 306 a kan 232, kuma ƙararraki sama da 60 da aka shigar don ƙalubalantar sakamakon ba su sauya shi ba, don haka babu wani wuri tsakanin “ya ci” da “an yi maguɗi” da mai hankali zai tsaya. Haka kuma kafofin dama sun daɗe suna magana kan tsufan Biden da raunin da ke bayyana a tare da shi, yayin da da yawa a ɗaya gefen suke ɗaukar maganar a matsayin yarfe, har muhawarar 27 ga Yuni 2024 ta sa kowa ya gani da idonsa, ya kuma janye daga takara ranar 21 ga Yuli. A duka biyun wanda ya raba maganar biyu ya tsaya a tsakiya ya yi kuskure. A yi wa manhajar adalci, tana da wani makin daban na ingancin rahoto, wanda ke nuna ko kafa ta saba kawo abin da ya tabbata ko tana gauraya shi da ƙanzon kurege, kuma a wurina wannan makin ya fi na hagu da dama muhimmanci. Sai dai launukan ne ke fara cika ido, kuma cikakken bayanin ingancin yana cikin abin da ake biya.

Ita kuma babbar fatar da aka gina kasuwar a kanta, cewa idan mutum ya ji ta bakin abokan hamayya zuciyarsa za ta yi sanyi, bincike bai goya mata baya sosai ba. A 2018 Christopher Bail na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun biya wasu masu amfani da Twitter domin su bi wani shafi da ke turo musu saƙonni 24 a kullum daga 'yan siyasa da masu faɗa a ji na ɗaya ɓangaren, har tsawon wata guda. Da aka sake auna su, 'yan Republican sun ƙara riƙau, 'yan Democrat kuma sun ɗan ƙara matsawa nasu gefen, ko da yake nasu motsin bai kai a kafa hujja da shi ba. A lokacin zaɓen 2020 kuma wasu masana tare da kamfanin Meta sun sauya wa dubban masu Facebook da Instagram tsarin da ke zaɓo musu abin da za su gani har na wata uku, sakamakon da aka wallafa a 2023 a mujallun Science da Nature ya nuna cewa abin da suke gani ya sauya, amma tsananin ra'ayinsu bai motsa a zo a gani ba. Tun ma kafin intanet, a 1985, masana a Jami'ar Stanford sun nuna wa ɗalibai rahotannin talabijin iri ɗaya kan kisan kiyashin Sabra da Shatila da aka yi a Beirut a 1982, sai magoya bayan Isra'ila suka ce an zalunci Isra'ila, magoya bayan Larabawa suka ce an zalunci Larabawa. So yana hana ganin laifi, ƙi kuma yana hana ganin alheri, kuma wanda ya shigo manhajar da niyyar tara duwatsun jifa zai same su a jere, an ma ware masa su bisa launi.

Akwai kuma wani ɓangare na takaicin mai zaɓe da babu manhajar labarai da za ta taɓa, domin daga tsarin zaɓe yake fitowa. Tun a shekarun 1950 masanin Faransa Maurice Duverger ya lura cewa inda kowace mazaɓa ke fitar da mutum ɗaya kuma wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe duka, siyasa takan tattare a hannun jam'iyyu biyu, saboda kowa yana tsoron zubar da ƙuri'arsa a kan wanda ba zai kai labari ba. A zaɓen Birtaniya na Yuli 2024 jam'iyyar Labour ta samu kusan kashi 34 na ƙuri'u ta kwashe kujeru sama da 400 cikin 650, Reform UK kuma da ƙuri'u sama da miliyan 4 ta tashi da kujeru 5, kuma kusan kashi 40 na masu rajista ba su ma fito ba. Masu rabon kujeru bisa kason ƙuri'a su ma da nasu ciwon kan, tunda Beljiyam ta taɓa yin kwana 541 daga 2010 zuwa 2011 ba a kafa gwamnati ba. Mutumin da ya karanta labari daga kowane gefe ya fahimce shi sarai zai je rumfar zaɓe ya tarar da sunayen nan dai da ya gaji da su.

Sashen da ke nuna masu mallakar kafofi ya fi burge ni fiye da yadda na zata, domin yana amsa tambayar da layin launuka ba ya amsawa. Yana da amfani mai karatu ya san cewa Fox News da Wall Street Journal da New York Post da jaridun The Times da The Sun na Landan duk suna komawa ga iyalin Murdoch, ko kuma cewa Jeff Bezos mai kamfanin Amazon ne ya sayi Washington Post a 2013, jaridar da ta fasa goyon bayan kowane ɗan takarar shugaban ƙasa ana saura kwanaki kaɗan zaɓen 2024. Da ni ne mai tsara manhajar, wannan bayani da na ingancin rahoto zan sa a sama, launukan su biyo baya. Taƙaitawar da ƙirƙirarriyar basira ke yi wa kowane labari tana rage wahala ga mai sauri, amma na ɗauke ta a matsayin ƙofa kawai, kuma a tuna cewa manhajar tura mutum take yi zuwa shafin jaridar, idan jaridar ta kuɗi ce to sai ya biya can ma.

Ya dace a kwatanta ta da tsarin Community Notes na dandalin X (Twitter a da), wanda ya fara da sunan Birdwatch a 2021, saboda sun ɗauki matsala ɗaya ta hanyoyi biyu. A can ba a fara da yi wa kowa lambar hagu ko dama ba, ana duba yadda masu ba da maki suka saba saɓa wa juna ne, kuma ƙarin bayani ba ya fitowa a ƙarƙashin saƙo sai mutanen da ba su cika haɗuwa a ra'ayi ba sun yarda cewa yana da amfani. Wannan dabara tana neman inda aka haɗu, ta Ground News kuma tana nuna inda aka rabu. Ita ma tana da nata rauni, domin a kan batutuwan da suka fi zafi ba a cika samun wannan haɗuwa ba, sai bayanin ya maƙale ko ya fito bayan ƙarya ta gama zaga gari.

Wanda yake bin siyasar Amurka ko Kanada ko Birtaniya, da ɗalibin aikin jarida, da malamin da ke son nuna wa ɗalibai yadda ake murɗa kanun labari, za su ci riba sosai, kuma na kyautar ya ishi mafi yawansu su fara da shi kafin su yanke shawarar biya. Wanda kuma damuwarsa siyasar ƙasar da ba a raba ta da hagu da dama ba, zai samu tarin rahotanni a wuri ɗaya, amma kada ya ba launukan muhimmanci. Ni dai ban goge ta ba, na dai sauya yadda nake amfani da ita. Na kashe sanarwar da ke faɗowa a kan allo, ina buɗe ta sau biyu ko uku a mako, in zaɓi labari ɗaya da ya dame ni, in rufe layin launukan da babban yatsana har sai na karanta rahoto biyu daga gefuna biyu zuwa ƙarshensu, sannan in ɗaga yatsan in ga ko na canki daga inda kowanne ya fito. Ina canka daidai a mafi yawan lokuta, amma ranar da na kuskure, sau da yawa rahoton da na ɗauka na mutanena ne saboda ya yi mini ma'ana yakan zama daga kafar da na daɗe da daina buɗewa ya fito.